Shekarar da Na Aiki Haliru

Akwai maganar da ake yi a gidan nan idan an ga na juya baya, an manta gwiwa ce ta gaza mini, kunne yana nan daram. Wai ni na kori baffanku Haliru daga gandu don in ci fadamar hanyar Dalijan ni kaɗai. Wasunku a bakin dangi suka ji, wasu a makaranta aka goranta musu. Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin lokacin da maganar take da zafi akwai abin da nake karewa, da ta huce kuma sai na ɗauka ta tsufa ta mutu. Ashe ƙarya ba ta tsufa a Gwandu, jikoki take yi. Shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda aka yi, ku da na haifa da ku da Haliru ya haifa, don ni ban taɓa raba ku a zuciyata ba.

Ku yaran yanzu a baki kawai kuka san gandu. Mu a cikinsa muka tashi: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, babba yana gaba, ƙanne suna bi. Mu uku Inna ta haifa maza, ni Umaru ne na fari, sai Sani, sai Haliru auta. Sani ba ku san shi ba. Wata shekara bayan an gama girbi ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani kudu ba da izinin kowa ba, ya ce zai dawo kafin ruwan fari, har yau ruwan bai sauka ba. An nema, an yi cigiya, an yi sadaka, shiru. Mahaifinmu ya rasu da wannan ciwo, gandu ya dawo hannuna. Ranar da Inna ta fita takaba ta tara mu a ƙofar ɗakinta, ni da Haliru, ta yi maganar da ta zama katanga a gidan nan shekara da shekaru.

"Ku ji ni da kyau. Dut ɗan da yas sa ƙahwa yab bar gidan ga ina da rai, ya tahi ba da yawuna ba, kuma ban yahe mai nonon da yas sha ba."

Haliru a lokacin yana koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Kalgo, sai ya tambaye ta a hankali ko ya ajiye aikin ya dawo gida.

"Kalgo ba tahiya ba ta," in ji Inna. "In na mutu da sahe, kana iske jana'iza."

Ma'aunin nisa ke nan a wurinta. Don haka kowace Juma'a da yamma Haliru yana isowa, Asabar da Lahadi yana gona tare da mu. In faɗa muku gaskiya, baffanku bai taɓa iya noma ba. Kunyar shukarsa karkatacciya ce kamar hanyar mai maye, kuma yana tsakiyar aiki sai ka ga ya dogara da fartanya ya ɗaga kai, da rana tsaka, yana kallon inda ba komai. Ni na sa masa suna Malam Sama. Amma bai taɓa fashi ba, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba, ko da na yi masa faɗan da bai kamata a yi wa mai mata da ’ya’ya ba.

A shekarar da nake ba ku labari, muna cikin dashen albasa, sai ga wani mutum a kan babur ya same ni a fadama. Malam Bitrus ne, mutumin Zuru, abokin aikin Haliru kuma maƙwabcinsa a gidajen malamai. Na san shi, don yakan zo mana barka da salla, mu ma in bikinsu ya zo Haliru yakan kai masa kaji daga gida. Ya gaishe ni, ya tsuguna a bakin kwari yana ta kame-kame, daga baya ya saki.

"Malam Umaru, ka yi haƙuri na shigo maganar gidanku. An ba ƙanenka gurbin karatu a can kudancin Afirka, inda ake da manyan na'urorin duba sama. Su za su ɗauki nauyinsa. Ya ce ba zai je ba, kuma ya hana ni faɗa maka. To ga shi na faɗa, in ya so ya yi fushi da ni. Irin wannan ba a ba mutum sau biyu."

Ranar Asabar na bari sai da muka yi nisa da sauran masu dashe, sannan na tare shi.

"Kai, Malam Sama, mi nika ji haka?"

"Yaya, bar maganag ga. Ka san abin da Inna tac ce. Ba ni ɗaukar bakin uwa in hau jirgi da shi."

"Ba shi nit tambaye ka ba. Kana so, ko ba ka so?"

Ya duƙa ya ci gaba da dashe, na duba sai na ga ya dasa iri kai a ƙasa, saiwa tana kallon sama. Tausayinsa ya kama ni har na kasa yi masa dariya, ni da ba na barin irin wannan ta wuce.

Na yi kwanaki ina juya abin. In ya tafi da kansa, rantsuwar Inna ta hau kansa, kuma ba na fata ko maƙiyina ya yi tafiya da wannan kaya. In ya zauna, zan ci gaba da ganin mutum yana bushewa a tsaye. Sai na tuna wata al'ada ta gidanmu. Zamanin kakanni, idan mai gandu ya aiki ƙanensa nesa, sayen shanu ko gishiri ko goro, ba a cewa ya bar gida ko da zai shekara. Kwanonsa yana nan, rabonsa na hatsi yana nan, ɗan aike ne. Sai dai abin yana da sharaɗi biyu. Dole mai gandu ya tsaya gaban mutanen gida ya faɗi da bakinsa abin da ya aika a samo masa, kuma duk abin da ya sami ɗan aike a hanya, alhakin yana wuyan wanda ya aike shi. Na biyun bai dame ni ba. Na farkon ne ya tsaya mini a wuya, don Inna ba a yi mata rufa-rufa. In ta ce aiken me, in ce me? Ni da iyakar sanina da sama shi ne ko hadari ya haɗu ko bai haɗu ba.

Haka na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, daga can na sauka Kalgo, na iske su an tashi daga makaranta. Na ce wa Haliru ban zo shan shayi ba, ya zauna ya faɗa mini abin da zai je nema, kuma in ya sa mini Turanci ko kalma ɗaya zan tashi. Malam Bitrus ya yi dariya ya shiga gida, sai ga shi da zanen gado da wata ƙatuwar kabewa ta matarsa. Shi da matar suka kama bakin zanen suka ja ya miƙe a ƙarƙashin dogon yaro, Haliru ya ɗora kabewar a tsakiya, zanen ya lotsa. Ya ɗauko goruba ya gangara ta daga gefe, maimakon ta wuce kai tsaye sai ta karkata tana zagaya kabewar.

"Yaya, abin da muka ɗauka wohi na tsakanin rana da duniya da taurari, ba wohi ba na. Shi da lokaci saƙa guda na, awa zanen ga. Abu mai nauyi in ya zauna bisa, sai ya lotsa ta. Gorubag ga ba igiya ka jan ta ba, lotsawar taka bi. Haka duniya taka zagaya rana."

Na ce wannan na gane, ko jaki ya san gangare. Sai ya ce to saura mai wuyar. Ya ce in ɗauka na yi dashe, tsakanin kowane iri da ɗan'uwansa taki ɗaya, in dawo in tarar tazarar ta ninka, alhali ba wanda ya taɓa ko tushe ɗaya, ƙasar ce da kanta ta ƙaru a tsakaninsu. Ya ce taurari garke-garke suke, kuma haka garkunan suke nisa da juna, ba gudu suke yi ba, filin da ke tsakaninsu ne yake buɗewa. Wannan an daɗe da saninsa. Masana sun zaci nauyin abubuwa zai riƙa rage wa buɗewar gudu, yadda dutsen da aka jefa sama yake rage gudu. Da suka auna hasken wasu taurari masu nisa da suka fashe, sai suka tarar ba haka ba ne, gudun ƙaruwa yake yi.

"To mi ka tura ta?" na ce.

"Shi na ba a sani ba, Yaya. Baƙin makamashi aka ce mai, ba don shina da launi ba, don an kasa ganin shi. Nauyi shina lanƙwasa saƙar ciki, shi ko shina buɗa ta waje. Kuma ba shi sirancewa, dut hilin da yaƙ ƙaru, da nashi rabo shika zakuwa. In ka tara taurari da duniyoyi dut, shi ya hi su yawa."

"Tsaya. In hili ƙaruwa shikai, don mi hwadamata ba ta ƙaru ba? Ko ta maƙwabcina aka ƙara ma?"

Matar Malam Bitrus ta yi dariya har ta saki zanen, kabewa ta faɗi ta gangara. Haliru ya share ido ya ce a'a, abin da yake kusa, yake riƙe da juna, wannan ƙarfi ba ya iya raba shi, ko gona, ko duniya, ko garken taurarin da muke ciki. Sai abin da ya riga ya yi nisa shi yake ƙara nisantawa, har wata rana haskensa ma ya daina isowa. Su dariya suke yi, ni kuwa sai na tuna Sani, kuma ga ni ina shirin nisanta wanda ya rage mini da hannuna. Ban faɗa musu ba. Na sa ya maimaita mini bayanin har sai da na iya mayar masa da bakina, na yi tasbihi ga Mai wannan aiki, na kama hanyar gida ina bita a mota kamar ɗan makaranta.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kira dattawan zaure, na sa mata suka fito, muka tsaya a ƙofar ɗakin Inna. Kun san ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba, sai ta bi ta bakin uwarku Hajara. Na tsuguna na ce na aiki Haliru, kuma tafiyar mai nisa ce, za ta ɗauki shekaru. Inna ta juya wurin Hajara.

"Hajara, tambayi mijinki, aiken mi?"

Na zuba mata duka, da zanen, da kabewar, da dashen albasa, da abin da yake tura sama ba a san ko mene ne ba. Dattawa suna kallona kamar na sha wani abu. Na ce shi nake so a gano mini.

"In ya samo, cikin mi za shi zubo shi?"

"Cikin kai nai, Inna."

"Wa yac ce kana bukatar shi?"

"Ni nic ce. Tun da nij ji maganag ga ban sake duban sama yadda nis saba ba." Wannan kuwa ba ƙarya na yi ba.

Sai ta juya wurin Haliru ta tambaye shi ko shi ya roƙa. Na dubi bakinsa, na san in ya buɗe shi komai ya lalace, sai na riga shi.

"Bai roƙa ba. Cewa ma yay yi ba shi zuwa. Ni nit tilasta mai."

"To ɗan aike ba shi da laihi," in ji Inna. "Zaka nan."

Ya matsa. Ta tofa addu'a a tafin hannunta ta shafa masa a kai, ta ce Allah ya kai shi, Allah ya maido shi, Allah ya yi masa albarka. Abin da na zo nema ke nan, kuma na samu. Sannan ta dubi uwarku.

"Hwaɗa ma mijinki, in ɗana bai dawo ba, shi da Allah."

Bayan tafiyarsa Inna ta ɗaure kayanta ta ce za ta Masama ganin ƙanenta. Ganin gida ya zama zama, har damina ta shigo ta fita. Da gero ya nuna na gasa tumu na kai mata da kaina, yadda aka saba uwa ce take fara ci, ta sa aka ba awaki ina tsaye. A nan ne gari ya samu abin taunawa. Uwa ta bar gida, ƙane ya yi nisa, babba yana noma fadama shi kaɗai, me ya rage a ce? Ba wanda ya tsaya ya duba cewa duk kaka ina ware rabon Haliru, matarsa Rabi da ku ’ya’yansa kuna ci daga ciki, har lokacin da ya samu hali ya zo ya ɗauke ku. A masallaci na ga waɗanda muke gaisawa hannu biyu sun koma hannu ɗaya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ni mutum ne mai baki, kun sani. Amma in na ce shi yake son tafiya, ni rufa masa na yi, kafin magariba maganar ta isa Masama, albarkar da aka shafa masa a kai ta warware. Sai na haɗiye.

Ba ni kaɗai na ɗauka ba, kuma ina so ku san waɗanda za ku yi wa addu'a. Uwarku Hajara ta yi ta zirga-zirga tsakanin Gwandu da Masama, tana kai gaisuwata tana dawowa da shiru, ba ta taɓa ƙara gishiri a ko ɗaya ba, kuma ita ce ta lallashi Inna ta dawo ɗakinta. Rabi ta san gaskiya tun farko, ’yan uwanta suna zuga ta a kaina, ta toshe kunne. Malam Bitrus kuwa duk lokacin da ya ji daga Haliru sai ya hau babur ya zo ya tsuguna a ƙofar Inna ya ba ta labari, ita kuma ta dama masa fura da hannunta, furar da ni na daina samu. Ya yi ritaya ya koma garinsu, amma duk wanda ya bi ta can a cikinku bai je ya gaishe shi ba, bai kyauta mini ba.

Shekaru suka tafi. Haliru ya gama karatu, aka riƙe shi a can ana ci gaba da neman. Yakan zo gida jefi-jefi, Inna ta yi murna, ta sa a yanka masa kaza, ba ta taɓa tambayarsa maganar aike ba. Ni kuma tsakanina da ita sai gaisuwar safe, ta amsa a taƙaice. Na riga na sa a raina da haka za mu rabu. Da ciwonta na ƙarshe ya yi tsanani na kira shi a waya na ce ya taho, ina kiran ina jin tsoron ma'aunin nan nata na jana'iza. Allah cikin ikonsa ya iso tana da sauran magana. Da hantsi ne, muna zaune a ɗakinta ni da shi da Hajara, ta buɗe ido ta kama hannunsa.

"Haliru, ka samo abin da anka aike ka?"

"Inna, ba mu samo ba. Mun ƙara aunawa, shina nan, shina turawa. Amma ko mi na ne, har yau ba wanda yas sani."

"To ba ka gama ba ke nan. In an ruhe ni ka koma."

Ta huta kaɗan. Na zaci ta gama, har na yunƙura zan fita in ba su wuri. Sai na ji ta ce, ba ta bakin Hajara ba:

"Kai. Matso."

Na matsa na durƙusa a bakin gadon.

"Kana zaton ban gane dubarakka ba? Tun ranar nig gane. Ni nih haihi yaron ga, na san shina son tahiya tun kai ba ka sani ba. Rantsuwa ta riga ta hita bakina, ban iya maida ta. Kab buɗe mani ƙohwa, nib bi. Amma hushin sai da wurin aza shi, kuma ba a aza ma wanda ka bisa hanya kaya. Kai ka kusa. Kai ka iya ɗauka."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Inna, da nauyi."

"Na sani," ta ce. Ta ɗora hannunta a kaina, hannun ba nauyi ko kaɗan. "Sauke. Allah shi yi ma albarka, Umaru."

Na fito tsakar gida na zauna a gindin rumbu, dattijo da furfura da jikoki, na yi ta kuka da ƙarfi har Hajara ta ruga ta rufe ƙofar zaure kada maƙwabta su ɗauka an yi rasuwa su fara shigowa. Tun da nake ban taɓa yin kuka mai daɗin wannan ba.